Yadda Kada Ya Hau Rigar Zarami

A zamanin Turawa, shekarun da jirgin Nguru ke tsayawa Malam Madori yana kwasar gyaɗa, an yi wani dillalin bandar kifi a Haɗeja wai shi Zarami. Allah ya hore masa baki, bai haɗa masa da linzami ba. Kakansa, in ji shi, daga Tafkin Chadi ya taso a gadon bayan kada, ya biyo ruwa har Haɗeja ko bakin wandonsa bai jiƙe ba. Shi kuwa jikan, kowa ya sani, ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Ko kwalekwale ya shiga, tsakiya yake zama ya rungume buhun wani yana salati. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi zuwa Nguru, amma tun daga ranar babu garin da za ka ambata bai kwana a ciki ba, babu kuma wani mai suna da ba su ci tuwo akushi ɗaya ba.

Abu guda ne bakin nan ya kasa samar masa, wato Gumsu, bazawarar da ke suyar kifi a bakin kasuwa. Mijinta ruwa ya ci a 'yan shekarun baya. Kwalekwalensa ya kife a tsakiyar kogi, jama'a na tsaye a gaɓa suna ihu. Tukur mai fito ne kaɗai ya faɗa ruwa ya fito da shi, sai dai rai ya riga ya yi halinsa. Tukur ɗin nan gajere ne, kullum fuska a murtuke, in ka gaishe shi da doguwar gaisuwa ya amsa maka da kai. Tun daga lokacin Gumsu takan ware masa kan kifi ɗaya kowace yamma, ya ɗauka ya tafi.

Zarami kuwa son Gumsu yake yi da gaske, ban da son kifinta. Kullum la'asar yana gindin kaskonta yana zuba, yana miƙa hannu wai ɗanɗanon gishiri. Ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Iyakarta ta ce, "Zarami, matsa, kana tare mini iska."

Ana haka, farkon damina, sai ga motar majigi ta shigo gari. Mai majigin, Malam Abdulwahid, ya sa aka kafa dogayen sanduna biyu a filin kasuwa, aka ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu. Ana idar da magariba aka tayar da inji, gari ya tuttuɗo, kowa da tabarmarsa. Mutanen cikin hoton ba sa magana, Malam Abdulwahid ne ke bayani ta lasifika.

Labarin wata tsohuwa ce mai akuya ɗaya tak, fara mai baƙin tabo a gadon baya. Tana da maƙwabta biyu. Ɗaya dogo ne, kullum haƙora a waje, yana ɗaukar mata tulu, yana shafa kan akuyar. Nan take mutanen Haɗeja suka raɗa masa suna Mai Fara'a. Ɗayan gajere, fuska a haɗe, ba ya gaida kowa, suka sa masa Turɓune. Aka wayi gari akuya ta ɓata. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka, mata a fili suka taya ta.

Iya 'Yar'azumi, mai sayar da daddawa, wadda bakinta ko ɗan doka yana shakkarsa, ta nuna ƙyallen da sandarta ta ce, "Ga ɓarawon nan, gajeren. Ku dubi girarsa. Mai irin wannan gira ba ya kwana da nasa kaɗai."

Kar ka ce mutanen nan ba su san hoto ba ne. Sun sani sarai. Amma je ka gaya wa zuciyar da ta ga tsohuwa tana kuka cewa ai ƙyalle ne.

Sai aka nuno Mai Fara'a ya rataya wani ƙunshi, ya shiga kwalekwale zai haye kogi. Kowa ya ce neman akuya zai tafi, Allah ya yi masa albarka. Yana kaiwa tsakiya kwalekwale ya kife. Ya rungume ƙunshinsa yana nutso yana tasowa, sai ga kada ya sulalo daga cikin ciyawa ya nufo shi. Kada ya buɗe baki ke nan, hadarin da ya haɗo tun la'asar ya ɓarke da ruwa. Malam Abdulwahid ya kashe inji, ya lulluɓe kayansa da tamfol, ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Gobe muna Malam Madori, daga can Gumel. Sauran sai mun dawo."

Haka aka bar bawan Allah a bakin kada, aka bar Haɗeja a tsaye.

Kwanakin da suka biyo baya babu wata hira a garin sai wannan. A mahauta musu, a bakin rijiya musu, masunta na gyaran taru suna gardamar ko kadan namiji ne ko mace. Wasu suka ce Mai Fara'a zai tsira don mutumin kirki ne, wasu suka ce kada bai san mutumin kirki ba. Tukur ne ya kwashi kashinsa a hannu, domin Zarami ya dube shi a mashaya ya ce, "Jama'a, ku dubi girar nan da kyau. Ba ku gane ta ba?" Shi ke nan, suna ya bi shi. In ya wuce, mata su leƙa garke su ga ko akuyoyinsu na nan. Masu hayewa suka koma jiran wani kwalekwalen. Har Gumsu, in ta hango shi tafe, sai ta sunkuyar da kai, kan kifin ma ta daina warewa. Tukur dai ya daina biyowa ta wajen.

Ita Gumsu abin ya fi taɓa ta. Kifi ya riƙa ƙonewa a kasko tana zaune ta zuba wa wuta ido. Zarami ya ga ƙofa ta buɗe, ya gyara zama.

"Wai saboda mutumin nan kike ramewa? Ai da kin tambaye ni. Abokina ne."

Iya 'Yar'azumi, da ke gefe da faifan daddawarta, ta juyo. "Wane ne abokin naka?"

"Mai Fara'a mana. Ɗaki ɗaya muka kwana a Nguru."

"Yaya sunansa?"

"Bala."

"Bala wa?"

"Bala na Nguru. Iya, kowa ya san shi."

"To me ya sa bakinsa ke motsi ba ma jin magana?"

"Mura yake yi. Tun muna tare sanyi ba ya yi masa daɗi."

"Tsohuwar ma mura take yi? Akuyar ma?"

"Gida ɗaya suke, Iya. Ai mura ba ta tsallake kowa."

Gumsu ba ta yi dariya ba. Ta juya kifi ta ce, "Na san hoto ne, Zarami. Amma na taɓa tsayawa a gaɓa na kalli irin wannan har ƙarshe. Ba na son in sake kallonsa, ko a ƙyalle ne."

Mai hankali a nan sai ya yi shiru. Zarami ya bugi ƙirji. "Ina raye kada ya ci Bala? Jikan wa kike tsammani ke zaune a gabanki? Ni zan fito da shi da rai, a gaban duk garin nan."

Gumsu ta dube shi. "To. In ya fito da rai, ka je ka gaida Baba Fannami."

Baba Fannami shi ne ƙanin mahaifinta, a hannunsa aurenta yake. Zarami ya tashi ko ɗanɗanon gishiri bai yi ba, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Kafin gari ya waye kowa ya ji shirin, don shi da kansa ya bi rumfa-rumfa yana rarraba shi. Ya ce ranar majigi, da ya zaga bayan ƙyalle zai kama ruwa, ya gano sirrin da Turawa ke ɓoyewa: in mutum ya nufi dama a gaba, ta baya hagu yake nufa. Saboda haka in jama'a suka koma baya suka zauna, Bala zai juya ya nufi gaɓa, kada ya sha iska. In hakan ta ƙi, akwai ɗaurin bakin kada da ya gada wurin kakansa, ƙulli uku a igiyar kaba. In wannan ma ta ƙi, zai jefa masa gora ya hau, ya sa homar kamun kifi ya kwaso shi kamar tarwaɗa.

Ya ari ƙaton goran masunta, irin wanda suke kifa ciki a kai su bi ruwa, ya tafi fadama wai zai tuna hannu. Ya zaɓi wani ɗan kududdufi a gefen gonar shinkafa, ya kwanta a kan gora. Gora ya mirgina, Zarami ya koma ƙasa, ƙafafu suka koma sama. Ya riƙa shure-shure yana kiran kakansa. Tukur na wucewa da filafilin tuƙa kwalekwale a kafaɗa, ya shiga, ruwan iya ƙwaurinsa, ya kamo mazugin wandon Zarami ya tsayar da shi.

Zarami ya furzar da taɓo ya ce, "Wa ya sa ka? Zurfin nake aunawa."

Tukur ya miƙa masa hularsa ya wuce.

Ranar da motar majigi ta dawo, an kwana ana ruwa, filin kasuwa duk caɓi, amma ko masaka tsinke babu. Zarami ya buɗe adaka ya fito da farar babbar rigarsa mai aska, wadda ya ajiye don ranar aure, domin niyyarsa daga fili sai zauren Baba Fannami. Ya cika aljihu da goro fari manya. Ya ratayo gora, ya saɓo homa, igiyar kaba a wuya, ya keto taro yana cewa a ba shi hanya. Gumsu na zaune cikin mata da kwanon kifi a rufe a cinyarta. Zarami ya ga kwanon, ya san nasa ne.

Malam Abdulwahid ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, kamun kifi za ka?"

"Kai dai tayar da injinka."

Aka faro labari daga farko saboda waɗanda ba su gani ba. Da Turɓune ya bayyana aka yi masa tsaki har da tofar da yawu, wasu suka waiwaya can ƙarshen fili inda Tukur ke tsugune shi kaɗai. Da Mai Fara'a ya fito kuwa mata suka rangaɗa guɗa. Zarami ya ɗaga masa hannu. "Bala, ni ne. Ka ga ya yi murmushi? Ya gane ni."

Mai Fara'a ya rataya ƙunshi ya nufi kwalekwale.

"Bala, kar ka shiga. Ka ji ko? Akwai kada."

Mai Fara'a ya shiga abinsa.

Iya 'Yar'azumi ta ce, "Abokin naka bai ɗauke ka a bakin komai ba."

"Kunnensa ne. Murar ta toshe shi." Ya juya ga jama'a. "To, lokaci ya yi. Duk mai son Bala ya biyo ni baya."

Ka san mutane da son ganin ƙwaƙwaf. Kusan rabin fili suka naɗe tabarmi suka zaga bayan ƙyalle, ana tattake ƙafafu, ana zage-zage, takalma na maƙalewa a taɓo. Gumsu ma ta tashi da kwanonta ta bi. Suka ɗaga kai, ga kwalekwale kuwa ya juya, hagu yake tafiya. Aka yi kabbara. Zarami ya riƙe ƙugu yana juyi, yana cewa, "Na gaya muku. Gaɓa ya nufa. Saura kaɗan."

Kwalekwale ya kife.

Iya ta ce, "Sannu da aiki. Da ta dama ya kife, yanzu ta hagu."

Ga kada ya sulalo, shi ma ta ɗaya gefen. Zarami ya fizgo igiyar kaba, ya tofa, ya ƙulla. Kada ya matso. Ya sake tofawa ya ƙulla. Kada ya ƙara matsowa. Ya yi ƙulli na uku har da sa haƙori, kada ya wangale baki, haƙora reras kamar an jera wuƙaƙe.

"Wannan ba kadan ƙasar nan ba ne," in ji Zarami. "Na Turawa ne, ba ya jin tofi. Bala, cafe."

Ya ɗaga gora da hannu biyu ya wurga. Gora ya tsallake saman ƙyalle, ya sauka a ɗaya gefen, aka ji ƙum. Wata murya ta dattijo ta yi salati. A duk mutanen da suka cika filin nan, kan Baba Fannami gora ya zaɓa.

Gumsu ta rufe fuska da mayafi. Zarami ya ga aure na shirin nutsewa tare da Bala. Ya ja da baya, ya saita homa, ya sheƙo a guje ya kai wa ƙyalle sura. Homa ta kama ƙyalle, ƙyalle ya ja sanduna, sanda ɗaya ta faɗi ta tsinke wayar lasifika, duka suka zube cikin caɓi, Zarami a sama.

Ƙyalle ya sha taɓo, amma rigar ta tsira, don Zarami a kan ƙyallen ya sauka. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, inji kuwa na ta aikinsa, hasken ya sauka a jikinsa. Sai ya ga jama'a sun zuba wa cikinsa ido. Ya sunkuya. Kada ne kwance a kan tumbinsa, baki buɗe, yana nufar ƙirji.

Ƙarar da jikan mahayin kada ya yi, an ce har masunta a bakin kogi sun ji. Ya riƙa dukan cikinsa yana tsalle, yana cewa a cire masa, a cire masa. Ya yi gefe a guje ya faɗa cikin mata, sannan ya duba ya ga babu komai a rigar sai aska. Malam Abdulwahid ya tsayar da inji, ya ɗago ƙyallen da yatsa biyu, baƙi ƙirin, yana ɗiga.

"Shi ke nan," in ji shi. "Ba ni da wani. Sai wata shekarar."

Fili ya ɗauki hayaniya. Wata shekarar? A sake barin mutum a bakin kada? Mahauta suka fara naɗe hannun riga suna neman Zarami. Iya 'Yar'azumi ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku dakata. Yanzun nan muka ga kada tsaf a rigar wannan. Wanda ya yaga mana ƙyalle shi zai zama ƙyalle."

Wani ɗan doka ya mirgino turmi ya kifa, ya kamo Zarami ya ɗora a kai, ya ce ya buɗe hannuwa. Babbar riga ta baje, faɗinta ya isa. Aka kunna inji, sai fuskar Mai Fara'a ta faɗa daidai kan aikin aska, ta zama kamar an yi masa zane. Aka ce ya juya baya. Ya juya, yana fuskantar rumfunan kasuwa, ba ya ganin komai sai inuwarsa. Waɗanda suka zaga baya duk suka dawo gaba.

Kai ka ce kunya za ta rufe masa baki? Ina. Yana tsaye kamar an shanya shi ya ce, "Dama shirina ke nan. Na jawo shi jikina, inda babu kadan da ya isa ya taɓa shi. Gumsu, ki lura da kyau."

"Daina motsi," in ji jama'a.

Lasifika ta mutu, babu mai bayani, sai ƙarar inji. A gadon bayan Zarami kada ya kai hari. Sai ga wani ya faɗo ruwa daga gaɓa da filafili a hannu. Gajere ne, fuska a haɗe. Ya maka wa kada filafili a hanci, ya sake maka masa, kada ya juya ya nutse. Ya kamo wuyan rigar Mai Fara'a ya ja shi har tudu. Turɓune ne. Fili ya yi tsit, har waɗanda suka tofa masa yawu ɗazu.

Zarami ya ji shiru ya yi yawa. "Ya fito?"

Wani ya ce, "Ya fito."

"Da rai?"

"Da rai."

"Alhamdu lillahi. Gumsu, kin gani? Baba Fannami, a yi haƙuri da batun gora, a shimfiɗa tabarma, ina tafe."

A bayansa kuwa Mai Fara'a na kwance yana aman ruwa, ƙunshin da ya ƙi saki ya kwance. Fata ce a ciki, fara, mai baƙin tabo a gadon baya. Ga tsohuwa ta iso, ta ɗaga fatar, ta rungume ta. Mai Fara'a ya sake washe haƙoran nan nasa, yana ja da baya. Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu, ƙunshin."

Zarami ya cafe. "Ƙunshin? Ai ni na ɗaure masa shi da hannuna."

Iya 'Yar'azumi ta ce a hankali, "Kai ka ɗaure?"

"Ni mana. Bala ba ya yin komai sai ya shawarce ni. Duk abin da kuka ga ya iya, ni na koya masa."

"Ka san abin da ke ciki ke nan."

"Haba Iya. Tare muka shirya shi. Na ci rabona tun kafin ya tashi."

"Da daɗi?"

"Ba a magana. Har da romo."

Ɓawon rake ne ya fara sauka, daidai hancin Mai Fara'a, wato tsakanin kafaɗun Zarami. Sai ƙwallon goruba. Sai curin taɓo, sai kan tarwaɗa, sai takalmin wani. Masu jifan ɓarawon akuya da masu jifan abokinsa duk wuri ɗaya suke saiti, babu wanda ya yi asarar jifa. Zarami na ihu yana tambayar me Bala ya yi, ɗan doka na riƙe da ƙafafunsa yana cewa ya tsaya a ga ƙarshe. Malam Abdulwahid ya hau kan mota yana ɗaga murya, wai darasin shi ne a riƙa kai fata wurin malamin fata a duba kafin a sayar. Babu wanda ya ji shi. Aka ƙarasa kallon a kan rigar da ta koma kalar fadama, ana hango Turɓune dishi-dishi yana raka tsohuwa gida, har lokacin bai yi murmushi ba.

Da inji ya tsaya, mutane suka riƙa zagawa ta wajen Tukur ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce sannu, wancan ya ce gobe da shi zai haye. Tukur na amsawa da kai, yana mamakin abin da ya same su.

Zarami ya sauko daga turmi, hannuwa sun sage, taɓo na zuba daga wuyansa. An riga an gaya masa abin da ke cikin ƙunshi. Duk da haka ya ja ƙafa ya tare Gumsu.

"Ni dama Balan da na sani wani ne daban. Amma alkawari, Gumsu. Kin ce in ya fito da rai."

"Ya fito. Wa ya fito da shi?"

"A jikina aka yi komai. Ki tambayi kowa."

Gumsu ta gyara riƙon kwanonta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ranar da kwalekwalen maigidana ya kife, kana gaɓa, Zarami. Na ji muryarka, ta fi ta kowa. Yau ma ta fi ta kowa. Wanda ya shiga ruwa ranar, ga shi can, na daina ko kallonsa saboda ka ce girarsa ta yi kama da ta hoto. Kunyar wannan kaɗai ta ishe ni."

Ta wuce shi, ta ratsa fili, ta durƙusa ta ajiye kwanon a gaban Tukur. Ba kai ba ne wannan karon, kifi ne sukutum.

Tukur ya ce, "Na ci abinci."

"Ƙara. In ka gama, Baba Fannami na son ganinka."

Tukur ya dubi kwano, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Ban zo da komai ba."

Iya 'Yar'azumi, wadda kunnenta ba ya barin komai ya wuce, ta dogara sandarta har wurin Zarami, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta kwaso goron nan fari manya, ko taɓo bai taɓa su ba.

"Kawo nan, kar su bushe a banza."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren Gumsu da Tukur, Baba Fannami na zaune da ɗan ƙulu a goshi wanda bai gama sacewa ba. Zarami ya halarta, ya kuma shaida wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shi ya haɗa auren, da goronsa aka nema, kuma Turɓune na majigi ɗaki ɗaya suka kwana a Nguru. Rigar kuwa wanki ya gagare ta, ya kai ta marina aka tura ta baƙa wuluk. Ya ce wai yayin Kano ke nan. Amma duk ranar da aka ji motar majigi ta shigo gari, ita yake sawa.